Mai Jigida a Ɗakin Khalil

Daren Laraba ne, bayan isha'i, Hamdiya ta fara jin ƙarar. Daga bangon ɗakinta na gidan ɗalibai a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, take fitowa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar wani na jan carbin ƙarfe a hankali. Ta karanta Ayatul Kursiyyu, ƙarar ba ta daina ba. A kwana na uku ta yafa mayafi ta je ta buga ƙofar maƙwabci.

Wani dogon saurayi ya buɗe, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce sunansa Ibrahim Khalil, ɗan Damagaram, yana karatun injiniya. A kan teburinsa ta hango bindiga mai jigida, amma 'yar ƙarama, kamar ba ta gama girma ba.

Ganin ta ja da baya, ya yi sauri ya bayyana mata. Bindigar matacciya ce, an toshe hancinta da ƙarfe, harsasan kuma babu albarushi a cikinsu. Wani tsohon Bature na ƙungiyarsu ta masu sha'awar irin waɗannan abubuwa ne ya ba shi aro ya zana cikinta. Abin da ya ɗauke masa hankali, in ji shi, an yi mata jigida irin ta manyan bindigogin yaƙi, alhali harsashin fistol, ƙaramar bindigar hannu, take ci, wanda bai kai ɗan yatsa ba. Babu sojan da ke buƙatarta. Wani ne kawai ya yi mafarkinta ya ƙera.

"To kai ma ka riƙa yin mafarkinka da rana," in ji Hamdiya. "Ni barci nake so."

Tun daga ranar suka riƙa haɗuwa a tram, jirgin ƙasan cikin gari. Ya sa mata suna Maƙwabciya, ita kuma tana ce masa Maƙeri. Da ta tafi hutu Montreuil wurin iyayenta, ya rubuto mata:

"Maƙwabciya, bangon nan ya yi shiru da yawa. Na bar taɓa ƙarfen, ba wanda zai zo ya yi mini faɗa. Ki dawo."

Ta amsa: "Maƙerina, in kana son faɗa kullum, ka turo manya wurin Baba."

Ya tura. Malam Maazou, mahaifin Hamdiya, ya karɓe su da mutunci, sannan ya sa a yi bincike kamar yadda aka saba. Kuskuren da aka yi shi ne ba wa Amine aikin, ɗan ƙanwarsa, wanda ya daɗe yana son Hamdiya a ɓoye. Amine ya dawo daga Lyon da hoto ɗaya tak a waya: Khalil yana murmushi, jigidar harsashi a kafaɗarsa.

Malam Maazou ya daɗe yana kallon hoton. Tsohon soja ne, amma a gidan ba a taɓa jin ya yi zancen soja ba. Ya ajiye wayar ya ce maganar aure ta ƙare. Kwana biyu bai ci abinci ba, matarsa kuma ta ce yana kiran wani suna cikin barci.

Hamdiya ta yi kuka har ta gaji, ta rubuta wa Khalil: "Baba ya ƙi. Bai yi faɗa ba, shi ya fi ba ni tsoro."

Sai dai Malam Maazou mutum ne da ba ya mayar da wanda ya turo manya ta waya. Ya ce da bakinsa zai gaya wa yaron. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, Hamdiya na biye da shi.

Khalil ya durƙusa ya gaishe shi. Idon tsohon na kan tebur. Ya matsa, ya ɗauki jigidar, ya shimfiɗa ta a tafin hannunsa na hagu, yatsunsa suna gyara harsasan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba ba.

"Ai ka bar ta ta murɗe," in ji shi. "In ta murɗe sai ta cije."

Ya zauna a bakin gado. A nan ya ba su labarin da bai taɓa ba kowa ba. Yana saurayi, aikinsa riƙe jigida ne, abokinsa Abdou ke harbi. Wata rana a hanyar arewa aka tare su, hannunsa ya yi rawa, jigidar ta murɗe, bindigar ta yi shiru. Kafin su gyara, Abdou ya faɗi a jikinsa. Shekara talatin da wani abu ke nan, bai ƙara ambatar sunan a farke ba.

Khalil ya ce gobe zai mayar da bindigar, ya fita daga ƙungiyar, in dai za a ba shi Hamdiya.

"Ka taɓa nuna wa mai rai ita?"

"A'a, Baba. Ko tsuntsu."

"To me kake nema a cikinta?"

"Yadda take tafiya kawai. Ina son in gane yadda ƙarfe ke miƙa wa ƙarfe abu."

Malam Maazou ya dubi 'yarsa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. Ya ce, "Hamdiya, wannan kike so?" Ta gyaɗa kai. Ya ce wa Khalil ya sake turo manyan, amma abin nan kada ya kwana gida ɗaya da jikokinsa.

An ɗaura auren a Montreuil cikin bazara. Da yamma aka cika falo da 'yan uwa da maƙwabta, Amine ma ya zo, shi ya raba goro da dabino, kansa a ƙasa. Malam Maazou ya ɗaga hannu ya sa wa ango da amarya albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari. Sai ya ce a yi wa Abdou fatiha ɗaya.

Aka shafa. Khalil ya dubi amaryarsa, ta sunkuyar da kai. Hajiya Rahama, maƙwabciyarsu ta shekara ashirin, ta juya tana duban fuskokin mutane.

"Wai ni, wane ne Abdou?"