Kukan Wayar Malam Arzika

Ranar wata Alhamis, kasuwar Malanville ta cika ta batse, Munawwara ta sauke kwandon albasa a gaban rumfar Haliru. Shi Haliru kwalliyar waya ce sana'arsa: ya sa mata riga, ya manna mata gilashi, ya zuba hotuna, ya zaɓa mata kukan da za ta riƙa yi in an kira. Yana ɗaga kai ya ga yarinyar, sai gilashin da ke hannunsa ya manne a karkace.

"Malam mai waya, riga nika so ka sa ma salulata," in ji ta. "Kowa ya gan ta sai shi ce ta Babana ce."

"Iri guda ce da tashi?"

"Rana guda anka sawo su a Gaya."

Ya baje mata riguna sun fi ashirin, ta ƙi su duka, sai wata shuɗiya mai ƙananan duwatsu da ke can ƙasan akwati. Da ya gama ya sa mata kukan sarewa, sai ya ce ta faɗi lambarta. Ta galla masa harara.

"Ƙa'idar aiki ce," ya ce. "Ba ni sallamar waya sai na kira ta, na ji kukanta da kunnena."

Gaskiya ya faɗa, duk kasuwa ta san shi da haka. Sai dai in ya gama gwaji goge lambar yake yi. Tata kam ya manta da gogewa, irin mantuwar da mutum ke yi yana sane.

Bayan la'asar mesaj ya shigo mata: "Salam. Haliru ne mai rumfa. Rigar ta zauna daidai?"

Ta mayar: "Ta zauna. Duk masu sayen riga kake bi da tambaya?"

"A'a. Ke ɗai."

Wata biyar ana haka. Wayar Munawwara ta zama wayar da ta fi kowace yawan lalura a garin, yau hoton fuskar wayar ya ishe ta, jibi dutse ɗaya ya faɗi daga rigar. Shi yana kiranta Nawwara, ita tana ce masa Mai Rumfa. Akwai wani Sallau, ɗan kasuwa daga Kamba mai sayen albasar mahaifinta, da ya daɗe yana aiko gaisuwa, amma mahaifin nata, Malam Arzika, ya ce shi ba ya zaɓa wa 'yarsa miji, ta kawo wanda ranta ya kwanta da shi. Har Haliru ya gaya wa kawunnansa su shirya, da an gama cire albasa za su je tambaya.

Sai wata Alhamis ta zo da wayoyi biyu. Kunnen Malam Arzika ya yi nauyi, ba ya jin kira, yana son a ƙara wa tasa ƙara. Haliru ya ƙure ta har ƙarshe ya ajiye. Ya cire rigar ta Munawwara don ya goge ƙura, wayoyin biyu suka kwanta tsirara a kan tebur kamar tagwaye. Masu saye suka taso masa, ya sallame su, ya dawo ya ɗauki ɗaya ya zuba mata wani abu da ya naɗa da muryarsa tun da safe.

"Na sa miki sabon kuka," ya ce yana murmushi. "Kak ki duba. Gobe bayan Juma'a in kira ki, ki ji."

"Yau ba ka gwadawa?"

"In na gwada ai kin ji."

Tunda ya buɗe rumfar nan, ran nan ne kaɗai waya ta bar hannunsa bai kira ta ba.

Shekara talatin Malam Arzika yana sallar Juma'a a sahun gaba. Bai saba kashe waya ba, don ko ta yi kuka ba mai ji. Liman na tsakiyar huɗuba, masallaci ya yi tsit, wani mai neman albasa ya kira shi. Sai murya ta tashi daga aljihunsa, tar, har sahun baya:

"Nawwara, ɗiyar Malam Arzika, hasken idona, ɗauki waya. Haliru ne, ya kasa cin abinci."

Tsohon ya shiga laluben aljihu a ƙarƙashin babbar riga. Kafin ya samo ta muryar ta maimaita sau uku. Liman ya dakata. Can baya wani ya kasa riƙe dariya. Malam Arzika ya yi sallarsa kansa a ƙasa, ya fita bai ba kowa hannu ba.

A gida bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ajiye wayar a gabanta a kan tabarma.

"Shi ne wanda kike son kawo mini?"

"Shi ne, Baba."

"Shekara talatin ba a taɓa waiwayo na cikin masallaci ba sai yau. In dai ina numfashi, yaron ga ba shi taka ƙohwar gidana."

Kafin Asabar maganar ta gama gari. 'Yan kabu-kabu in sun gan ta sai su rera "hasken idona, ɗauki waya". Matan layin albasa suna tambayarta ko bawan Allah ya samu ya ci abinci. Mesaj ɗin Haliru kuwa suna ta shigowa: "Nawwara, wallahi kuskure na yi, taki na nufa." "Ki ce mini wani abu, ko zagi ne." Ta karanta ta ajiye.

Sallau ya same ta tana ɗinke bakin buhu, ya yi mata jaje da fuskar tausayi, har ta ba shi labarin yadda abin ya faru.

"Ni abin da ya ɗaure mini kai," ya ce, "mutumin da ba shi sallamar waya sai ya gwada, ran nan ɗai ya manta? Har ya ce kak ki duba? Ki yi tunani. In sunanki ya zaga gari tare da nashi, kowa sai shi janye, shi ɗai shi rage. Ni dai ban janye ba."

Maganar ta shige ta, don kuwa ita da bakinta ta tambaye shi ko ba zai gwada ba. Juma'a biyu ta ga mahaifinta, da tsufansa da ciwon guiwarsa, yana hawa bayan babur zuwa masallacin garin Madekali don kada ya haɗa ido da mutanen sahunsa. Ran Juma'a ta biyun ta cire shuɗiyar rigar ta jefa cikin kwando, ta rubuta tana kuka:

"Baba Madekali yake zuwa Juma'a. In da gangan ka yi, Allah ya isa. In kuskure ne, ni ban san abin da zai gyara shi ba. Kada ka sake kira na."

Haliru ya karanta ya rufe rumfa da rana tsaka. Bai damu da dariyar da ake masa ba, amma hoton tsohon nan a bayan babur ya hana shi sakat. Kwana uku yana juya abin a ransa, ran na huɗu ya je ya durƙusa gaban liman.

Juma'a ta uku, Munawwara na tsakar gida tana ware ruɓaɓɓiyar albasa, aka sallame salla. Ta ji lasifikar masallaci ta yi ƙara, irin ta sanarwar rasuwa ko cigiya. Muryar da ta fito ta sa ta saki abin da ke hannunta.

"Jama'a, ni ne Haliru mai rumfar waya. Muryar da kunka ji a nan tawa ce. Malam Arzika bai san da ita ba, ɗiyarshi ba ta san da ita ba. Ni na yi sakaci cikin aikina, na ɗora ma dattijo kunyar da ba tashi ba. Wanda za shi yi dariya shi zo rumfata shi yi, ina nan. Ina son ɗiyarshi da aure, gaskiya ne, amma in ya ce in bar garin ga, gobe in ƙetare gada zuwa Gaya. Ni dai shi dawo sahunshi."

Munawwara ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Wanda ya ƙulla makirci ba ya miƙa wuyansa haka a bainar jama'a, ta san wannan, kuma ta ji kunyar abin da ta zarge shi da shi. Ta rubuta masa: "Mai Rumfa, na ji ka. Ka yafe mini."

Da Malam Arzika ya dawo daga Madekali, ya tarar da liman zaune a inuwar ƙofar gidansa, Haliru kuwa yana tsugune can nesa cikin rana, bai yarda ya matso bakin ƙofa ba. Liman ya kwashe duk abin da ya faru ya faɗa masa, da ɗaga murya saboda kunnen. Tsohon ya dubi liman.

"Gaban kowa ya hwaɗi haka?"

"Gaban kowa, Malam. Kuma ba wanda ya yi dariya."

Ya shiga gida ya fito da wayar, wadda ke kashe tun ranar. Ya yafito Haliru.

"Taso daga rana. Cire mini wagga masifa."

Haliru ya karɓa da hannu biyu, ya goge, ya mayar da kukan da aka sayo ta da shi. Sai ya tsaya yana juya ta a hannu.

"Baba, sai na kira ta na gwada."

"Yanzu ka tuna?" Tsohon ya kawar da kai don kada a ga murmushin bakinsa. "Kira. In ka gama ka bar lambar cikin wayarka, kawunnanka za su buƙaci sanin ranar da nike gida."

Bayan an gama cire albasa aka ɗaura auren, a masallacin nan, bayan sallar Juma'a. Sallau ya aiko da goro bai zo ba. Malam Arzika na zaune a sahun gaba, shi ya ba da 'yarsa da bakinsa. Da aka shafa fatiha ya kamo hannun Haliru ya riƙe, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka kira sunanta gaban jama'a ba da izinina ba, yau na ba ka izini. Ka riƙe mini ita da mutunci. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi rufa muku asiri yadda ka rufa mini."

Masallaci duka ya amsa da amin.