Tagar Malama Caroline

Ni mai walda ne, kuma a da ina da cika baki. Kowa ya zo shagona sai in ce, "Ƙarfen da Sajo ya liƙa, ko aljani ba ya ɓalle shi." Bakina ne ya ja mini.

Wata Laraba da yamma na je wani bene a unguwar Sarkin Dawaki, in ƙarasa sa wa tagoginsa ƙarfe. Bara gidan ya yi gobara, wata malamar makaranta, Caroline, ta rasu a ɗakin sama. A jikin taga aka same ta. Tun kafin gobarar, ni na yi wa tagar ƙarfe, ni na liƙe ƙofar baya saboda ɓarayi.

Na tuna wa mai gidan, Alhaji Hammanjoda, cewa 'yan kwana-kwana sun ce a bar taga ɗaya mai buɗewa ta ciki.

"Su za su yi mini gadi?" in ji shi. "Rufe duka."

Ban musa ba. Ya tafi.

Dab da magariba, saura taga ɗaya a ɗakin nan nata. Na ɗan ɗiga mata walda a kusurwa biyu ke nan, janareta ya mutu.

Ƙofa ta rufe. Babu iska.

Na kama mariƙinta, ya ƙona mini tafi. Sai ƙaurin katifa, sai ƙaurin gashi. Sabon fentin bango ya fara kumbura. Hayaƙi na kwararowa ta ƙasan ƙofa.

Na riƙe ƙarfen tagar da na gama ina ihu. Ga mai awara can ƙasa tana juya kaskonta. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Aka yi tari a bayana. Tarin mace.

"Mai walda," aka ce a hankali, "ta ina zan fita?"

Na ƙara ƙanƙame ƙarfen.

Wani hannu mai zafi ya sauka a kan nawa, ya ja ƙarfen tare da ni.

"Na ja, na ja," in ji ta. "Aikinka yana da kyau."

Ban taɓa jin tsoro da kunya irin na lokacin ba. Na rufe ido, na doki tagar da ban gama ba da iya ƙarfina. Ɗigon biyu suka ɓalle. Na faɗo kan tarin yashi, ƙafata ta karye.

Da mutane suka hau sama, ba wuta, ba hayaƙi.

Shaidar yatsu huɗu na nan a bayan hannuna har yau. Duk ƙarfen tagar da na yi yanzu, sai na sa masa sakata ta ciki. In mai gida ya yi gardama, hannun kawai nake nuna masa.