Akwatin Yahuza

Wata safiya a shekarar 1986, Yahuza mai fenti ya faɗo ofishin 'yan sandan Tanout, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Sufeto, an sace mini bindigar fesa gari!"

Sufeto Maigari ya san na'urar. Da ita Yahuza ke fesa busasshen garin fenti a jikin ƙarfe, ya sa a tanderu, garin ya narke ya kama, tsatsa ba ta ƙara taɓa shi. Makiyaya tun daga Tenhya har Belbeji ba su sayen akwatin ƙarfe sai nasa.

A shagon, kwaɗo na nan lafiya lau. Sufeto ya duƙa ya duba ƙofar. An yanke mariƙin kwaɗon, an sake liƙe shi da walda, tsaf.

"Ɓarawo mai gyara ɓarnarsa," in ji shi. "Wa ya zo jiya?"

"Buba, wani makiyayi. Har mun yi cacar baki."

A kasuwar dabbobi aka samo Buba. Da fari ya ce bai je ba. Da Sufeto ya kafe shi da ido, sai ya sauko.

"Na je, ranka ya daɗe. Shuɗin akwati nake so wa 'yata, ya ce sai kore, wai jiya garin fentin ya iso daga Damagaram. A gabana ya buɗe buhun."

Waldar ƙofar ta tsaya wa Sufeto a rai, sai ya wuce rumfar Mamman mai walda, aminin Yahuza tun ƙuruciya, wanda ke ƙera masa akwatunan.

"Yaushe rabonka da shagon Yahuza?"

"Tun Sallah. Shi ke zuwa ya ɗauka."

Sufeto ya ɗauki awartakin da ke kan teburinsa. Bakinsa kore ne shar, yana sheƙi. Ya kankara da farce, bai fita ba.

"Jiya koren nan ya shigo garin nan, Mamman. Ya manne wa awartakinka a shagon, ka riƙe ƙarfe mai zafi da shi, ya gasu."

Mamman ya nufi kusurwar rumfar. Sannan ya janye tarin ƙarafa, ga bindigar a nannaɗe cikin tsumma.

"Ni ke yanka, ni ke lanƙwasawa, ni ke liƙewa," ya ce. "Idanuna sun kusa mutuwa a wutar walda. Amma kowa sai ya ce akwatin Yahuza. Jiya 'yar cikina ta ce in sayo mata akwatin Yahuza! So nake a ga ƙarfena tsirara, ko sau ɗaya."

Yahuza, da ya biyo Sufeto ya tsaya bakin rumfar, ya ce a hankali, "Da ka faɗa mini, ai da na sa sunanka a jiki."

"Na sani," in ji Mamman. "Kullum kai ne mai ba ni."

Ya miƙa hannuwansa da kansa. Sufeto ya sa masa ankwa, suka kama hanyar ofis.