Gayyar Sha'aban

"Sha'aban, ka dube ni! Wa ya taɓa yin maimai da huɗa a rana ɗaya?"

Aina'u ta dire ƙwaryar fura a gindin ɗorawa. Tun safe Sha'aban ya kawo abokansa gayya gonar mahaifinta, kamar yadda mai neman aure kan yi. Sai dai gayyar nan ba kiɗa, ba waƙa, ba mai tsokanar wani. Noma kawai suke kamar ana korarsu, har aikin da lokacinsa bai yi ba sun haɗa.

"Haba masoyiyata, laifi ne don na rage wa Baba aiki?"

"Ƙarya ba ta yi maka kyau. Wannan noman bankwana ne!"

Ya sunkuyar da kai yana kankare ƙasa daga garma.

"Bayan la'asar motarmu za ta tashi daga Ɗambatta... Agadas, daga nan sai Libiya."

Ta tari numfashinsa.

"Hanyar da ta haɗiye yayanka Sama'ilu? Har yau Innarku in ta ji sallama da gudu take fitowa, ko mayafi babu!"

"To in zauna in yi me? An raba gonar babanmu, abin da na samu ko akuya ba zai ishe ta kiwo ba. Babanki kuma ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda ba shi da rumbu. Kamaruddeen ya ce hanyar lafiya lau take..."

"Kamaruddeen!"

Wannan shi ne wanda ya dawo daga can da babur da ƙatuwar waya, ya bi samarin ƙauyen ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu daɗin baki. Shi ne kuma ya taɓa aiko mata da turare ta mayar masa. Mugu bai da kama, in ji masu magana, amma Sha'aban ko kamannin ma aka nuna masa ba zai gani ba.

"So yake ya raba mu, wallahi! Don Allah farin cikina, kar ka tafi..."

"Don ke zan tafi," ya ce a hankali, ya koma cikin kunya.

Da azahar tana bayan zana tana wanke ƙwarya ta ji mahaifinta, Malam Muhammadu Sani, yana magana da mahaifiyarta, Inna Mairo.

"Na zagaya gonar nan. Yaron da ke noma haka ba zai bar 'yata da yunwa ba. Na ba shi."

"Alhamdulillahi! A aika musu mana, Malam."

"Sai Juma'a zan ga kawunsa. Kar a ce neman kai nake da ita."

Juma'a! Aina'u ta miƙe, ta sake durƙushewa. Tunda take ba ta taɓa furta sunan saurayi a gaban mahaifinta ba. Sirrin Sha'aban ne kuma, in ta faɗa ta tona shi. Ta kai bakin ɗakin ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, inuwar katanga na ta ƙara tsawo. Kunya ado ce, amma ranar dai ta ci amanar yarinyar nan.

Sai da ladan ya kira la'asar ta faɗa ɗakin ta zube.

"Baba... tafiya zai yi! Yanzu... Libiya..."

Malam bai tsawata mata ba. Ya dube ta, ya zura takalmi, ya fita ya tare mai babur. Dattijon da ya ƙi aike shi ne ya tafi da ƙafarsa neman mai neman 'yarsa.

Bayan magariba ya dawo shi kaɗai.

"Sun tashi," ya ce. "Kamaruddeen kawai na tarar a tasha yana cin rake. Wai shi ai ya riga ya je, rakiya ya yi."

Wayar Sha'aban ta shiga har Agadas. Nan ta faɗa masa cikin kuka cewa mahaifinta ya ba shi ita.

"Da kin faɗa mini a gona..."

"Lokacin bai ce ba! Ka dawo, don Allah ka dawo!"

"An riga an loda mu, Aina'una. In na sauka zan kira ki."

Bai kira ba.

Ana yankan gero Fatihu, ɗaya daga cikin 'yan gayyar, ya dawo a rame, leɓɓansa duk sun tsage. Ya ce motar ta mutu a tsakiyar sahara, direba ya ce zai nemo ruwa, ba a ƙara ganinsa ba. Ƙishirwa ta kashe Sha'aban, shi da hannunsa ya tura masa yashi.

Aina'u ba ta yi ihu ba. Zama ta yi, tana jin tsanar kanta fiye da yadda take tsanar Kamaruddeen.

Da safe aka tsaya sallar gawa a ƙofar masallaci, ba gawa a gaba. Tana leƙe ta kafar zana, ta ga sahun duk furfura ce, samarin ba su cika hannu ba. Liman ya waiwayo ya ce dangin mamaci su matso gaba.

Malam Muhammadu Sani ya ratsa sahu ya tsaya kusa da kawun Sha'aban. Wani ya taɓa shi a hankali.

"Malam, dangi aka ce."

"Na ji," in ji shi. "Surukina ne."