Ranar da Dodo Ya Gaji

Ruxandra ta fara ganin Tiberiu ne a bayan labule, inda ba a yarda baƙo ya shiga ba. Ana tsakiyar wasan 'yan tsana a makarantar ƙauyen Rebra wayar fitila ta zare, shi kuma malamin aji biyu ne, shi ya fi kusa, sai ya sunkuya ya leƙo.

Abin da ya gani yara ba sa gani. Hannunta na dama yana sama cikin rigar 'yar tsanar gimbiya. Na hagu kuwa yana tallafe da gwiwar hannun mahaifinta, Baba Gherasim, wanda ke ɗage da dodo mai kai uku, na katako, kilo huɗu cif. Suka haɗa ido. Ya mayar da wayar, ya fita.

Da aka tashi ya kawo mata shayin ganye.

"Wanne hannun zan ba wa?" ya ce. "Na ga duk biyun rawa suke."

"Malam, kullum haka kake leƙe?"

"A'a. Yau na fara, kuma na ji daɗinsa."

Ta yi dariya, ta karɓa da hannu biyu.

Shekara shida ke nan tana wannan tallafi, tun lokacin da mahaifiyarta ta rasu, kafaɗar tsohon kuma ta fara mutuwa a hankali. Bai taɓa cewa ta riƙe ba. Ita ma ba ta taɓa cewa tana riƙewa ba. Su uku ne a ƙungiyar: ita, shi, da Dorel, mai tuƙa mota kuma mai ɗaga ɗan sarki. Daga kaka zuwa bazara suna bin makarantun ƙauyuka da labaran da kakanni suka bari, minti arba'in kowane wasa, a cikin rumfar ƙyalle da faɗinta bai kai taku uku ba. Shekarunta ashirin da bakwai. Ta san warin rigar mahaifinta fiye da na kowane fure.

Saƙonnin waya suka fara kai-komo tsakaninta da Tiberiu.

"Gimbiyata, yau yaran ajina sun zana ki. Sun yi miki kunnuwan zomo. Na ba su maki goma."

"Sarkin leƙe, muna Telciu. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, Dorel yana zagin taya. Ina tuna ka."

"Da wanne hannun kika rubuto?"

"Da hanci."

Bayan Kirsimeti Tiberiu ya zo gidansu a Năsăud da furanni da kwalbar barasar gida, kamar yadda ake yi in an zo neman aure. Baba Gherasim ya saurare shi yana feƙe kan wata 'yar tsana.

"Malam, kai a Rebra aka dasa ka, ko?"

"Eh, Baba."

"Mu kuma a mota. Ga Dorel nan, ya san hanya, ya san aiki. In aure take so, ba sai ta sauka ba."

Dorel dai ya riga ya yi nasa neman, a gidan mai, yana duba injin. "Ruxi," ya ce, "tunda dai kullum muna tare, ai da sauƙi." Ba mugu ba ne. Irin mazan nan ne da ke neman mata kamar mai neman wurin ajiye mota.

Da Tiberiu ya yi shiru a nan, da ya tsira. Amma malami ne, gyara a jininsa yake.

"Baba, akwai likitan ƙashi a Cluj, ɗan'uwana ne. Kafaɗar nan taka..."

Wuƙar ta tsaya. Ruxandra ta ji kamar an yaye rufin gidan.

"Me ya sami kafaɗata?"

Tsohon ya miƙe ya buɗe ƙofa, da hannun hagu.

Ta bi Tiberiu har bakin titi ba mayafi.

"Wa ya aike ka? Shekara shida ina rufa masa asiri, ka tone a minti ɗaya!"

"Ruxi, har yaushe za ki riƙe?"

"Har ya mutu, in ka ga dama ka jira."

Ta faɗa ne don ta ji masa ciwo, sai ita maganar ta fi kamawa. Mako uku ba ta amsa saƙonsa ba. Ta shiga rumfa, ta ɗaga dama, ta tallafa da hagu, ta yi kukan gimbiya da murya siririya, yara suka tafa. A mako na huɗu ya rubuto:

"Na yi wauta, ki yafe. Ba na cewa ki bar shi. Amma ni ma ina nan, kuma ba ni da niyyar zuwa ko'ina."

Ta karanta a mota sau biyar, Dorel yana ba ta labarin birki.

Ranar Alhamis a Salva, suna kafa rumfa, ta ce, "Baba, yau ba zan riƙe ba."

"Riƙe me?"

"To shi ke nan."

Aka fara. Dodo ya sace gimbiya, ya kulle ta a gidansa na tagulla. Ruxandra ta cusa hannun hagu cikin aljihu ta damƙe. Minti goma, gumi ya fara bin wuyan tsohon. Minti ashirin, haƙoransa suka fara ƙara. Ta rufe ido. Daidai lokacin da ɗan sarki ya iso da takobi, kawunan dodo uku suka yi ƙasa a hankali, suka kwanta a bakin labule.

Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Ya mutu?"

Ruxandra ta dubi mahaifinta. Yana kallonta, idonsa ja, numfashi sama-sama. Sannan ya buɗe baki da muryar dodo, wadda ke sa yara ɓuya a bayan juna shekara arba'in.

"Ban mutu ba, ke mai kitso. Gajiya na yi. Kin taɓa gadin mutum shekara da shekaru? Aiki ne. Ke gimbiya, ƙofa a buɗe take. Fita, kafin in sake shawara."

Dorel ya tsaya da takobinsa sama, ba abin sara. Yara maza suka yi ta ihu an cuce su, su faɗa suka zo gani. Gimbiya ta fita tana rawar jiki, kuma wannan karon ba wasa ba ne.

A mota, da suka wuce gada, tsohon ya gyara murya.

"Dorel, daga gobe kai ne dodo, ni in zauna a kujera in yi murya. Ka nemo mana mutum biyu, su ɗaga gimbiya da ɗan sarki." Ya juya wajen taga. "Ke kuma kira malamin naki. Ki ce ya zo Lahadi. In ya sake ambaton likita, da kaina zan feƙe shi."

Ta rubuta: "Ka zo Lahadi. Ka zo da bakinka a rufe."

Amsa ta zo nan take: "Gimbiyata, zan bar shi a gida ma."

Bayan Ista aka yi bikin. Kafin a tafi coci, aka shimfiɗa darduma a tsakar gida, ango da amarya suka durƙusa gaban uba don neman gafara, kamar yadda kowace amarya ke yi. Ruxandra ta fara, "Baba, ka yafe mini..."

"Dakata." Tsohon ya sauko daga kujera da ƙyar, ya durƙusa gabanta a kan dardumar. Tsofaffin mata suka hau gunaguni. Gwaggonta Veta ta ce da ƙarfi, "Gherasim, ba haka ake yi ba!"

"Veta, bikinki ne?" Ya dubi 'yarsa. "Na san tun ranar farko. Na yi shiru ne don shirun ya yi mini daɗi. Ki yafe."

Ta kifa kai a ƙirjinsa, kwalliya ta lalace, Tiberiu yana laluben hankici a aljihun da babu.

"Ku tashi, limamin coci na jira," in ji tsohon. "Allah ya ba ku gida na dutse, da 'ya'ya masu surutu. Malam, kama ni mana, ko a nan kake so in kwana?"