Wuƙar Honorabul Sagir

Da hantsi rahoto ya iso wa Sufeto Elisha a Bompai: an yi sata a ofishin Honorabul Sagir, ɗan majalisar jiha. Kuma wai wuƙa aka sace. Wuƙa fa!

Sai da ya isa Challawa ya gane ba abin dariya ba ne. Honorabul lebura ne a kamfanin fata kafin ya zama kansila, har ya kai majalisa. Duk taron siyasa yakan ɗaga tsohuwar wuƙar kankare fata, leburori su yi ta sowa.

"Gobe ƙungiyar ma'aikata za ta yanke wanda za ta bi," in ji Honorabul. "In na je hannu rabbana, cewa za a yi na manta mafari."

Sufeto ya duba akwatin gilashin da ake ajiye wuƙar a ciki. Ba a fasa ba, ga kwamfuta ba a taɓa ba. A kan tebur ya ga ɗan farin gashi gajere, ya tattara a takarda.

Uba, direban Honorabul, ya rantse shi ya kulle ofishin jiya.

"Har lokacin sallar la'asar?"

Uba ya sosa ƙeya. "To, minti goma dai na bar shi a buɗe, Yallaɓai."

A bango akwai babban hoton wuƙar. Sufeto ya daɗe yana kallon inda yatsa ya cinye ƙotar, sannan ya miƙa wa Honorabul biro ya sa hannu. Da hannun dama ya karɓa. Ƙotar kuwa ta bahago ce.

Saura maigadi, Malam Mamman, tsohon majemi. Sufeto ya gaishe shi da ladabi.

"Baba, rabonku da wuƙar jima?"

"Shekara goma, ɗan nan."

"Ku ɗan naɗe hannun rigarku na dama."

Ga wuri nan fes, an aske. Majemi ba ya wasa wuƙa bai gwada kaifinta a gashin hannunsa ba, bahago kuwa a hannun dama yake gwadawa.

Malam Mamman ya yi dariya, ya zaro wuƙar daga ƙarƙashin tabarma, tana walƙiya.

"Tawa ce. Ni na ara masa ranar da ya fara aiki. Shekara talatin yana ɗaga ta, bai taɓa kiran sunana ba, ban ce uffan ba. Amma tsatsa, Sagir? Ka bar wuƙata ta yi tsatsa?"

Kunya ta kama Honorabul, har ya ba Sufeto tausayi.

"Na janye ƙara. Ku yafe mini, Malam."

"Sai dai a janye a ofishinmu," in ji Sufeto. "Baba, mu je ku ba da bayani."

Honorabul da kansa ya buɗe wa tsohon ƙofar motarsa. Sai kuma ya juyo.

"Sufeto, to ni gobe me zan ɗaga?"

"Hannun mai wuƙar, ranka ya daɗe. Na hagu."