Baƙin Lemon Mushe Hashim

"Ajiye kwalbar nan, Nafisa!"

Kwalbar ta tsaya dab da bakin Nafisa. Gwaggo Safi, ƙanwar mahaifinta, ce tsaye a ƙofar zaure da rariya a hannu, gari har gwiwar hannunta.

Hashim, malamin makarantar boko ta lakkwal da ake kira Mushe, wanda ke zuwa zance kowace Juma'a daga garin Gidan Amumune zuwa Mayahi a kan babur, ya miƙe yana goge tafinsa a wando.

"Lafiya, Gwaggo?"

"Kai za a tambaya, Mushe. Mi ka zuba a ciki?"

Shekara biyu ke nan da likita a Maraɗi ya ce hanjin Nafisa ba ya jure alkama da sha'ir. Gero da dawa da shinkafa, ta ci son ranta. Likita ya kira abin gulutan. Gidan mahaifinta Alhaji Namadi suka kira shi tsirfar 'yan boko, amma suka bi dokar, don sun ga yarinya ta murmure.

Sai Hashim ya fara zuwa da baƙin lemo mai sanyi. Juma'a uku a jere ta sha, Asabar uku a jere ta wuni riƙe da ciki.

Zuhura, 'yar Gwaggo Safi, wadda ta fara tausayin Hashim tun ranar da ta ga sabon baburinsa, ta karɓi kwalbar ta juya ta.

"Colorant caramel," ta karanta da muryar mai ba da labarai. "Na duba a waya. Da alkama ake yin sa!"

"Sukari ne ake ƙonawa ya ba da launi," in ji Hashim. "Na tambaya a farmasi. Ko da daga alkama aka samo sukarin, an tace shi har babu abin da ya rage. Lemon malt ne mai sha'ir, shi kuwa ban taɓa kawo mata ba."

Gwaggo Safi ta tafa hannu, gari ya tashi.

"Kun ji ko? Har farmasi ya je! Mutumin da bai ƙulla komai ba, mi zai kai shi tambaya?"

Juma'ar da ta biyo Hashim ya zo hannu rabbana. Ya ci fanken da Gwaggo ke soya masa duk zuwa, don ko ana zargin baƙo da sammu ba a barin sa da yunwa, ya yi hira, ya tafi.

Asabar Nafisa ta kwanta.

"To, ga shi nan," in ji Gwaggo cikin jin daɗin da ta kasa ɓoyewa. "Yanzu ko kwalba ba ya buƙata. Ido kawai."

Alhaji Namadi ya ce Juma'a mai zuwa, in Hashim ya zo, a mayar masa da goron tambayarsa.

Da la'asar wayar Nafisa ta yi ƙara.

"Hasken raina, ya jiki?"

"Kada ka ce mini hasken rai, Mushe."

"Nafisa... ke ma?"

"Ni ban ce komai ba. Amma duk ranar da na gan ka, washegari cikina ke juyawa. Mi kake so in yi tunani?"

"Wasu so suke kiran wannan."

"So ba ya kai mutum bayi sau bakwai!"

Da ya sake magana, babu wasa a muryarsa.

"Wallahi da na san ni ke cutar da ke, da ni zan zo in karɓi goron da kaina."

Ta kashe wayar ta yi kuka. Da ta gama, ta tuna ta yi karatun kimiyya har ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare.

Ranar Talata ta sayi baƙin lemon nan kwalba biyu, ta shanye a bayan rumbu kamar mai laifi. Laraba lafiya. Alhamis lafiya lau, har da ƙarin tuwo.

Ba karamel ba ne ke nan. Saura Hashim.

Ranar Juma'a da hantsi ta ɗauki kujera ta zauna a ƙofar madafa. Ta ce sha'awar kallon girki take yi, abin da bai taɓa samun ta ba.

Gwaggo Safi ta tankaɗe fulawar fanken baƙo. Ta buga rariyar sau biyu a cinya. Ta jawo ƙwaryar garin gero, wanda ake yi wa Nafisa tuwonta daban, ta zuba a rariyar.

"Gwaggo..."

"Mi ne ne?"

"Kullum da wagga rariya kike tankaɗe garina?"

"Da wace zan yi? Na kakkaɓe ta ai."

"Fanke fa, yaushe ake soya shi a gidan nan?"

"Sai in mutuminki zai..."

Gwaggo ba ta ƙarasa ba. Ta dubi rariyar, ta dubi farar ƙurar da ta maƙale a idanun rariyar. Zuhura, da ke tsaye a gefe, ta tuna tana da wanki.

Da Hashim ya iso, goronsa na ajiye a zaure cikin ƙwarya. Nafisa ta shigo da rariyar, ta ɗora a kan goron, ta yi wa mahaifinta bayani kanta a ƙasa.

Alhaji ya jima yana shafa gemu.

"Ashe karamci ne ke neman kashe mini 'ya. Mushe, ka yi haƙuri."

Da Alhaji ya fita, Nafisa ta kasa ɗaga ido.

"Na zarge ka, Hashim..."

"Na sani, 'yar lelena. Ni ma sai da na fara zargin kaina."

Ya zaro baƙin lemo daga jakarsa. Ta buɗe ta sha rabi ba ta huta ba.

An ɗaura aure bayan girbi. A cikin lefe, tsakanin atamfa da turare, mata suka ci karo da sabuwar rariya, an rubuta NAFISA da jan fenti a gefenta.

Gwaggo Safi ta ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Ni fa tun farko," ta ce, "rariyar nake zargi."